Falankin Mararrabar Muchia

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Talata, cikin Agustan 2007, aka kawo rahoto caji ofis ɗin Sabon Gari: an tsinci gawa a mararrabar layin dogo ta Muchia.

Sufeto Kefas Maigida ya isa wurin tare da Kofur Tanimu. Makonni uku ke nan wani ɗan kwangila yana gyaran layin. Leburorinsa sun haƙa rami a gefen dogo, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, ya ratsa 'yar hanyar da masu kekuna ke bi. Ruwan saman da aka tafka jiya ya cika ramin, har ya yi daidai da ƙasa.

An riga an ciro mamacin. Kekensa na gefe, ƙafar gaba ta lanƙwashe, burodi na yawo a kan ruwa.

"Bamidele ne, mai burodi," in ji Kofur. "Kullum nan yake bi zuwa Samaru. Wuyansa ya karye."

Matarsa Mojisola tana durƙushe cikin taɓo, tana goge masa fuska da ɗankwalinta.

"Jiya ma ya bi ta nan," ta ce. "Oga, jiya ma ya bi! Me ya canza?"

Sufeto ya tsuguna a bakin ramin. Akwai sawun katako guda uku a cikin laka, amma babu katakon.

Ya sa aka kira heluman aikin, wato shugaban leburorin, wani mai suna Lanre.

"Me kuke ɗorawa a kan ramin nan?"

"Falanki uku, Yallaɓai. Da jan ƙyalle a kowane gefe."

"Ina ƙyallen?"

"Ruwa ya tafi da shi."

"Har da sandunan da aka ɗaura shi? Nuna mini inda kuka kafa su."

Lanre ya duba ƙasa, ya kasa nuna ko'ina. Daga baya ya amsa cewa ba su taɓa sa ƙyalle ba. Amma ya rantse sun bar falankin a wurin da ruwa ya kore su da la'asar. Ya ƙara da cewa falankin duk sun sha baƙin mai, wanda ya taɓa su sai ya kwana biyu yana wanke hannu.

Sufeto ya bi gefen layin. Tsakuwar da aka jibge ta toshe babbar kwatar unguwar, ruwa ya juya ya shiga gidajen da ke gangare. Mutane na ta kwarfe ɗakuna da kwanoni.

A gida na uku wata tela mai suna Chinelo tana shanya yadukan mutane da suka jiƙe.

"Kin ga wanda ya ɗauki falanki jiya?"

"Ban leƙa waje ba."

Sufeto ya dubi bangon zaurenta. Wani baƙin tabo ya ja layi a jikinsa daga ƙofa har cikin gida, daidai tsayin gwiwa.

"Wannan fa?"

Idon Chinelo ya tafi kan ɗakin ƙarshe.

Sufeto ya shiga ɗakin, ruwa har idon sawu. An jera bulo, an ɗora falanki uku a kai, an shimfiɗa katifa. Wani dattijo na kwance a sama, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa a karkace. Wata mata mai kimanin shekara sittin tana ba shi koko da cokali.

"Sannu, Mama. Yaya sunanki?"

"Lucia. Wannan maigidana ne, Sati."

"Ina kika samo katakon nan?"

"Namu ne tun da daɗewa."

"Buɗe hannuwanki."

Ta ajiye kofin a hankali. Tafukanta baƙi ƙirin, sun yi kanta.

"A ƙasa yake kwanciya, don yana faɗowa daga gado," ta ce. "Da magariba ruwa ya shigo. Na ɗaga kansa, ya kai masa kunne. Na ja shi, na kasa. Mazan gidan duk ba su dawo ba. Sau huɗu muna zuwa wurin heluman nan a kan kwatar, yana cewa gobe. Na tuna falankin. Ɗaya bayan ɗaya na jawo su, Chinelo ta taya ni ɗora shi."

"Ba ki yi tunanin masu wucewa ba?"

"Na ce da gari ya waye zan mayar. Gari ya waye, ruwa bai janye ba. In sauke shi a ina? Ka faɗa mini, ɗana, a ina?"

"Kin san wanda ya faɗa ramin?"

"Na ji ihu. Ban iya fita ba."

"Bamidele mai burodi. Ya rasu."

Lucia ta zauna daɓas cikin ruwan.

"Yesu! Shi ne ke miƙo wa Baba burodi mai laushi ta taga."

Dattijon ya fara buga ƙirjinsa da hannun da ke motsi. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ni... ni na ce... ta ɗauko."

"Ƙarya yake yi, Yallaɓai," in ji Lucia. "Ya ma hana ni. Shekara talatin ya yi yana aikin dogo, ya san abin da ramin nan zai yi. Ni ce."

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

"Je ka sa Lanre a mota. Ka ce wa leburorin su buɗe kwatar nan yanzu, ina tsaye."

"Falankin fa, Oga? Shaida ce."

"Sai ruwa ya janye."

Lucia ta miƙa wa Chinelo kofin.

"Ki riƙa juya shi bayan awa biyu. Ba ya haɗiyewa in kokon ya yi kauri."

Ta gyara wa mijinta mayafi, ta fita gaban Sufeto. A bakin layi ana ɗaukar gawar, Mojisola na biye. Lucia ta tsaya, ta durƙusa a gabanta. Mojisola ta dubi baƙaƙen hannuwan, ta daɗe tana dubansu, sannan ta kewaye ta, ta bi mijinta.

Sufeto ya kama Lucia ta tashi, ya buɗe mata ƙofar mota.