Ragar da Aka Sa Mini

"Safara'u, wannan jinin na mene ne?"

Na fizge zanin daga hannun Mujitaba na cusa bayan ƙofa, kamar bai riga ya gani ba. Shekararmu biyu da aure, ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan.

"Ba komai, angona..."

"Ba koman nan naki shi zai kashe ni."

Da na haifi ɗanmu na fari a rugarmu, bayan Doguwa, kwana biyu na yi ina naƙuda. Mahaifa ta sauko, fitsari ya daina riƙuwa. Aka yi mini aiki a wani asibiti a birni, aka sa mini raga ta roba ta tallafe cikin. Wata huɗu ina murna. Daga nan sai suka, kamar ƙaya a cikin nama, in na zauna, in na durƙusa tatsar nono. Sai jini ya biyo baya.

To amma a gidanmu mace ba ta cewa wayyo. Innata ta haifi tara, ba wanda ya taɓa jin nishinta. Sau uku na koma a duba ni, sau uku likita ya tambaya, na sunkuyar da kai na ce lafiya lau. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta lafiya lau.

Ranar da ya ga jinin, yayarsa Fiddausi ta iso daga Kwanar Dangora, bakinta da yaji kamar kullum. Ina ɗaki ina jinta.

"Matar da ta guji shimfiɗar mijinta wata biyar, ai zuciyarta na wani wuri. Mahaifiyarmu Hajiya ta ce ka sallame ta."

"Yaya, ki bar ni da matata."

Ya shigo idonsa jajur, ya durƙusa gabana.

"Abar ƙaunata, ki faɗa mini gaskiya. Kin daina sona ne?"

Wallahi tambayar ta fi ragar ciwo. Na miƙe zan rantse masa, sukar ta taso mini, na zube a jikinsa.

A asibiti likita mace ce ta duba ni.  Sannan ta kira Mujitaba ciki.

"Ragar ta ci nama, ta fara huda mafitsara. Za mu cire abin da ya ciru, ba lallai ta fita duka ba. Yoyon fitsarin zai iya dawowa, ciwon ma zai iya zama." Ta dube ni. "Tun yaushe kike ji?"

"Wata takwas..."

Mujitaba ya dafa bango.

"Wata takwas ina kwana kusa da ke?"

"Na ji tsoron ka ƙyamace ni."

"Ni? Ko yoyon ya dawo, ko bai dawo ba, gidanki yana nan. Hajiya ma zan je in faɗa mata da bakina."

Da safe aka zo da gadon da za a tura ni ɗakin tiyata. Ya riƙe hannuna.

"Safara'una, yanzu yana miki ciwo?"

Na buɗe baki, lafiya lau ta zo har kan harshena. Na haɗiye ta.

"Yana yi, angona. Sosai yake yi."

Ya kifa goshinsa a tafin hannuna ya yi kuka. Bai sake ni ba sai da ƙofar ɗakin tiyata ta raba mu.