Sawun Ƙaho a Bayan Safara'u

"Alhaji Gide, wa ya yi mata wannan?"

Likita ya ɗage rigar matata Safara'u, yana nuna min tsagar aska a bayanta, layi-layi.

Ni na sa aka yi.

Ni ɗan Ƙanƙara ne, fataucin dawa nake. Shekarar da aka kawo injin wankin ƙoda Ikko, ƙodarta ta tsaya. Na ɗauko ta a gaban motata muka sauka Agege. Ana wanke mata jini, ana ƙara mata wani, amma idonta fari fat. Likita ya nemi tsutsar ciki, ya nemi gyambo, ya rasa ta inda jinin ke tafiya.

Dada, mahaifiyata, ita ta aiko daga Ƙanƙara: "Jinin baƙi ake ɗura wa yarinyar nan. A sa mata ƙaho ya fita." Ban taɓa yi wa Dada musu ba. Duk Juma'a sai na kira Mani wanzami, mutumin Sabuwa.

"Alhaji, jiri nake ji..." in ji Safara'u, ƙahon na bayanta.

"Mugun jinin ne ke fita, Safarena. Daure!"

Ga shi yau likita yana ta faɗa.

"Muna zubawa kuna kwashewa! Wata huɗu! Zuciyarta ta gaji!"

"Ni na roƙi wanzamin, likita," in ji Safara'u. "Ba ruwan maigidana."

Ƙarya ta yi. Da ya fita na durƙusa gaban gadon.

"Me ya sa ba ki ƙi ba?"

"Kana riƙe hannuna in ana yi... Yaushe rabon da ka zauna kusa da ni haka, kai da kullum kana hanya?"

"Na cuce ki, Safare!"

"Tashi, ƙaton banza, mutane na kallo." Ta yi murmushi. "Abu ɗaya nake so. Kada Dada ta ji. Don tana sona ta yi."

Aka daina ƙaho, amma an makara. Kwana goma sha tara ta ƙara.

Ranar sadakar uku, a Ƙanƙara, Dada ta kama hannuna tana kuka.

"Gide, ka dai yi mata ƙahon nan ko? Kada a ce ba mu yi mata komai ba..."

"Na yi, Dada."

"Ta ji sauƙinshi?"

Na dubi ƙasa.

"Ta ji, Dada."