Taku Ashirin

"Taku ashirin fa, 'Yar Awo! Ki matsar da turken nan taku ashirin, shi ke nan!"

Shi magini ne, shekara uku yana tara bulo ɗai-ɗai don ɗakin aurensu, har ya zuba harsashi. Ita kuwa ma'aikaciyar awon filaye ce. Da hannunta ta kafa turakun sabuwar doka: nan gari ya tsaya, abin da ke gaba na noma ne. Ƙaddara ta riga fata, filinsa ya faɗa ɓangaren gonaki.

"Layin a miƙe yake, masoyi. In na shigo da filinka, gonar Babana ma ta shigo gari. Kafin damina an yanka ta fuloti-fuloti."

"To, ni ko gonar?"

Kai, maza! Wannan ma tambaya ce? Tun rasuwar Inna, tsohon ba shi da abokin hira sai gonar nan.

"Mu kama haya mana... ɗaki ɗaya ma ya ishe ni."

"In gina wa duniya gidaje, matata ta zauna a haya?"

Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Cikin sati ya sayar da bulon, ya bi aiki wani gari, ko sallama babu.

A ofis sai yabonta ake yi, wai ba a taɓa ganin mai gaskiya irinta ba. Yabo dai ba ya taya mutum hira. Ita kaɗai take cin abinci a gefen teburin taswira, tana duba wayar da ba ta yi ƙara ba. Kewa ta ci ta, har zobenta ya fara zamewa.

Ran nan da hantsi ta kai wa Baba ruwa gona, ta tsaya kan harsashin da ciyawa ta rufe. Tsohon ya ajiye fartanya ya matso.

"Jiya nake jin abin da ya kori yaron nan. Wai saboda ni?"

"Baba, gonarka ce..."

"Kin auna ƙasa taku-taku, ni ba ki tambaye ni ba, 'yar nan. Wa nake noma wa in ba ke ba?"

Ta zauna daidai inda maginin ya taɓa cewa zai sa mata taga, ta fashe da kuka.