Maganaɗisun da Ya Tsaya a Iska

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin gwaje-gwaje na makarantarsu, ihu ta yi. Wani ɗan ƙarfe ne tsaye a iska, ba zare, ba komai, yana ta juyi a ƙarƙashin wani ƙaramin inji.

"Kwantar da hankalinki, ba aljanu ba ne," in ji saurayin da ke kula da injin, wanda ɗalibai ke kira Injiniya. "Maganaɗisu biyu ne. Na saman yana juyi da gudu, yana ja yana turawa. Na ƙasan ya ɗauki juyin, ya tsaya inda ja da turi suka yi daidai."

"In ya ƙwace fa?"

"Kamar harsashi yake fita."

Tun daga ranar, sonsa da tsoron injin nan tare suka girma a zuciyarta.

Baba kuwa, mahaifinta, da maganar aurensu ta taso, cewa ya yi atafau. Tsohon makaniki ne, inji ya cinye masa ido ɗaya tun Auta tana goye.

"Na san kukan da uwarki ta sha. Ba zan ba ki mai wasa da abin da ke juyi ba."

Wata Talata da rana Auta ta je don ta gaya wa Injiniya hukuncin Baba. Yana tsakiyar gwaji, ta tsaya kusa tana jiransa. Sai ƙarar injin ta canja. Ta ji wani "ƙas!", ta gan shi durƙushe ya dafe ido, jini yana bin yatsunsa.

Kwana biyu yana kwance a asibiti. Sannan saƙonsa ya shigo wayarta: "Farin cikina, yau za a kwance bandeji. Wallahi tsoro nake ji. In ban ga fuskarki ba fa?"

Kukanta ne ya fito da Baba. Ya karanta saƙon, ya ɗauki makullin mota.

A asibiti ya tsaya a kan Injiniya.

"Kai da iliminka, ina tabaran kariyarka?"



"Baba, ni ya cire ya sa wa," Auta ta faɗa. "Guda ɗaya ne a ɗakin gwajin."

Likita ta fara warware bandejin. Auta ta riƙe ƙarfen gado. Idon ya buɗe da ƙyar, jajir, ya yi yawo, ya tsaya a kanta.

"Kin rame," ya ce.

Baba ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

"Idan ka warke, ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Tabon yana nan a girar ango, karatu kuma sai da gilashi. Baba ya haɗa hannuwansu cikin nasa masu kanta.

"Allah ya tsare min ku, ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya riga ta.