Ƙaron Dakwara

A inuwar gonarsa suka ƙulla cinikin, Baffa Tanimu da Injiniya Hansatu, 'yar ƙaninsa marigayi.

"Baffa, ƙaron dakwararka nake so, duk abin da itatuwan nan suka zubo."

"Da can alewa ake yi da shi. Yanzu kuma injin ne zai sha?"

Ta yi dariya, ta yi masa bayani. Tun da ƙasa ta ɗau zafi mutane suka koma Birnin Tsauni, can saman duwatsu, inda sanyi ke fasa tulu. Wutar birnin a batirin ƙarfen tutiya ake tara ta, mai ruwa a ciki, ba ya kama wuta kuma ga araha. Aibinsa ɗaya: in sanyi ya yi tsanani ruwan sai ya daskare, tutiyar ta fitar da ƙayoyi su huda cikinsa. Hansatu ta gano cewa in an narka ƙaron dakwara zalla a ruwan, ba ya daskarewa, ƙayoyin ma ba sa tsirowa.

"To ni ba kuɗi nake so ba," in ji Baffa. "Innarki Tabawa da ta goye ki, numfashi na gagararta. Ki sama mata gado a asibitinku, inda na'ura ke yi wa mutum numfashi."

"An gama, Baffa. Muddin buhuna na zuwa cike, gadon nata ne."

Suka shafa fatiha.

Abu ya yi kyau, har Tabawa ta yi ƙiba. Takan kira shi ta allon waya tana tsokanarsa: "Malam, injin nan ya fi ka kula da ni, ko minshari ba ya yi."

Sai shekarar da itatuwa suka ƙi zuba. Baffa ya tsaga ɓawonsu, ya jira, buhuna suka tsaya rabi. Mutumin da ya tsufa a kasuwa ya san yadda ake yi: ya zuba ƙaron farar ƙaya a ƙasa, ya rufe da dakwara a sama. A ido duk ɗaya ne, kuma bai taɓa jin algus ya kashe mutum ba. Gadon matarsa yake karewa.

A ma'aikata, buhun kowa sai an soka masa ƙarfe har ƙasa an gwada. Da aka zo kan na Baffa, Hansatu ta ɗaga hannu.

"Haba! Buhun ubana zan soka kamar na ɓarawo?"

Ta ɗebi na sama kawai ta gwada. Kuma don ta fi yarda da kayansa, shi ta sa a baturan asibiti.

Da hantsi, ranar da sanyi ya kai maƙura, baturan suka daskare ɗaya bayan ɗaya. Na'urorin numfashi suka yi shiru. Kafin a jawo wuta daga wata unguwa, Tabawa ta cika.

Bayan jana'iza Hansatu ta durƙusa gabansa.

"Baffa, da ka ce min buhun rabi ne, wallahi da ba wanda zai taɓa gadonta."

Hannunsa kawai yake kallo.

Ma'aikata ta ci riba: ta ƙera injin da ke gwada kowane buhu, wanda ba shi da baffa kuma bai san kunya ba. Birnin Tsauni yana nan da haskensa. Hansatu ta rasa aikinta, ta rasa wadda ta goye ta. Shi kuwa Baffa, da damina ta dawo ta wuce, itatuwansa suka zubo ƙaro har ƙasa, bai sake ɗiban ko ƙwaya ba.