Ƙafafu a Bakin Bututun Hita

Sanyin hamadar Nafud ta ƙasar Larabawa yana kashe tsoho mai ciwon ƙirji irina. Daren nan kuwa hitar gas mai ɗumama motar nan mai ɗaki da gado da nake kwana a ciki ta tsiri sabon hali: ta kama, ta yi zafi har ta fara ƙauri, ta mutu. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, babu wanda ya taɓa ɗumama ni.

Ina durƙushe gabanta na ji sallama a bayana. Ba a tambayar baƙo sunansa, sai na zuba masa gahawa. Numfashina yana hayaƙi, nasa ba ya yi.

"Abu Mish'al, hitar lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Hanyar iska aka toshe mata. Ka ce wa uwargida ta janye ƙafafunta daga bakin bututunta na gindin gado."

Halin matata Nuwayyir ke nan, duk hunturu sai mun yi faɗa a kansa.

Na ce, "Ai ta rasu bara."

"To, wa ya buɗe mini ƙofa?"

Daga kan gado na ji an ja bargo a hankali. Hitar ta kama, ba ta sake mutuwa ba.