Injiniya da Baban 'Yan Tsaki

Ranar da ta fara ganinsa a kiran bidiyo, goshinsa kawai ta gani, don ya kusanto da wayar sosai.

"Malam, ja baya kaɗan. Injin nake son gani."

Ya ja baya yana dariya, sai ga saurayi da gashin kaza a kafaɗa, bayansa injin ƙyanƙyasar ƙwai na gonarsu. Ita ce injiniyar da kamfani ya ɗora wa gyaran manhajar injin, ga shi tsakaninsu tafiyar yini ce. A ofis take harhaɗa manhajar, ta tura ta intanet zuwa 'yar kwamfutar da ke cikin injin, sannan daga kujerarta ta riƙa tsayar da ita layi-layi tana neman inda take tuntuɓe. Shi ne hannunta a can: ya jona waya, ya kashe, ya kunna, ya gaya mata ko fanka ta juya.

Ba a jima ba hira ta wuce ta fanka.

"Injiniyata, injin ya karɓi saƙonki. Ni ma a turo mini nawa," ya rubuto.

"Baban 'yan tsaki, naka sai an gwada shi tukuna."

Da ta kai maganar aurensu wurin Baba, mahaifinta, sai ya girgiza kai. "Mutumin da ba ki taɓa gani ba sai a gilashi? Ga abokin aikinki nan kullum yana zuwa gaishe ni. Shi na sani."

Abokin aikin nan ne, wata Asabar tana gida, ya tura sabuwar manhaja ba gwaji, wai don ya rage mata wahala. Injin ya tsaya cak, ƙwai cike a ciki ana jiran su fashe. Saƙo ya shigo mata daga saurayin: "Kin ce ba kya turo abin da ba ki gwada ba. Na yarda da ke."

Maganar ta soke ta, amma ba lokacin kuka. Ta baje kwamfuta a falo gaban Baba, ta kira saurayin, ta buɗe murya. Shi yana lulluɓe ƙwan da barguna da gorunan ruwan zafi, ita tana bin layuka. Da ta gano wurin, ta gyara, ta harhaɗa, ta sake turawa.

"Fanka ta juya," ya ce a hankali. "Zafi na dawowa."

"Ba ni na tura waccan manhajar ba," ta ce.

"Ko ke ce, bai kamata in yi miki magana haka ba. Ki yafe mini. Kuma ki tashi ki ci abinci, muryarki ta nuna ba ki ci ba."

Baba, da ke ta yin kamar yana karanta jarida, ya miƙo hannu aka ba shi wayar.

"Yaro, ƙwan za su rayu?"

"Mafi yawa, in Allah ya yarda, Baba."

"To madalla. Amma 'yata ba inji ba ce, ba a neman ta daga nesa. Ka zo da ƙafarka, da manyanka."

Ya zo kuwa, ya durƙusa har ƙasa. Ranar da za a kai ta ɗakinta, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sanya albarka a gidanku."

Tana share hawaye a ƙarƙashin mayafi ta amsa, "Amin, Baba."